Shawarwari Ga Mai Son Yini Guda A Zariya

A wata tattaunawa da wasu mazauna Kaduna suka yi kan yawon buɗe ido lokacin hutu, yawancinsu sun yarda cewa yini guda ya isa a zaga Zariya, muddin aka bar tashar Kawo da sassafe, domin tafiyar ba ta wuce kimanin kilomita 80 ba.

Sun ba da shawarar a fara da cikin birni kafin rana ta take, a ga ragowar ganuwa da fadar Sarkin Zazzau, sannan a daɗe a tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, wanda bakan gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan da aka gina da ƙasa, har yanzu ke ɗauke da rufin. A ganina, nan ne ya fi cancantar lokacin baƙo.

Bayan azahar sai a nufi Samaru, mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, tare da katin shaida saboda masu gadin ƙofa. Hawan dutsen Kufena kuwa an yi saɓani a kansa, inda dattawa suka ce a bar wa matasa.