Wace kalma za mu sa wa "spruce" da Hausa?

Mai fassara: Salamu alaikum. Ina fassara bayani kan itatuwan ado da ake dasawa a biranen ƙasashen sanyi, sai spruce ta tsaya min, wata bishiya mai ganye siri-siri kamar allura. "Bishiyar allura" ta yi?

Malamin gandun daji: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba ta yi ba, za ta cakuɗa iri uku masu ganyen allura da dole mai dashe ya bambance: fain (pine), fir da spruce. Fain allurorinsa a ɗaure suke, bibbiyu, uku-uku ko biyar-biyar. Na fir da na spruce ɗai-ɗai ne, sai dai kowace allurar spruce tana zaune kan ɗan tsinke mai tauri, in ta zube reshen ya zama da kaushi. Kwanson irin spruce a rataye yake, na fir kuwa sama yake kallo. Ni "sufurus" na zaɓa, a haɗa da sunan kimiyya, Picea, a ambaton farko.

Mai tsara lambuna: Na goyi baya, Malam, amma a riƙa faɗin asalinsa, don ba halinsu ɗaya ba a cikin gari. Sufurus na Sabiya, Picea omorika, wanda masanin tsirrai Josif Pančić ya gano a 1875 a yankin kogin Drina, dogo ne siriri, ba ya cin fili, kuma yana jure hayaƙi. Shuɗin nan na Kolorado ta Amurka, Picea pungens, ya fi ɗaukar ido, amma inda iska ke da laima cutar fangas ta Rhizosphaera kan kama shi: allurorin rassan ƙasa su yi ja-ja su zube, cutar ta riƙa hawa sama, reshen da ya mutu kuma ba ya sake toho.

Dukansu saiwarsu ba ta nisa cikin ƙasa. Faɗin rami ya ninka dunƙulen saiwa sau 2 zuwa 3, zurfi kada ya wuce nasa, in ba haka ba gindi ya ruɓe. A baza ɓawon itace mai kaurin santimita 5 zuwa 8, kada ya taɓa jikin bishiyar. A kuma nisanta dashen da bakin titin da ake zuba wa gishiri don narkar da ƙanƙara, fallatsin yana ƙona allurori.

Mai fassara: To "bishiyar Kirsimeti" fa? Mutane sun fi gane ta.

Malamin gandun daji: Wannan sunan aiki ne, Hajiya, ana yin ta da fir da fain ma. Wanda ya je sayen dashe da sunan nan, kowanne aka ga dama za a miƙa masa.

Mai fassara: Madalla, na gode. Na sa "sufurus na Sabiya" da "shuɗin sufurus".