Yaushe ya fi dacewa a je tsaunukan Himalaya na Nepal?

Bakin matafiyan da suka tattauna batun ya zo ɗaya: Oktoba da Nuwamba ne kan gaba. Damina ta ɗauke, gari ya washe, ana hango ƙololuwa tangaram. Sai Maris zuwa Mayu, lokacin furanni, kodayake hazo kan taso da rana.

Daga Yuni zuwa Satumba ruwa ake yi. Hanya ta yi santsi, ƙasa ta zaftare, matsattsaku su manne wa mutum a ƙafa, jiragen saman da ke zuwa Lukla, garin da masu nufar tsaunin Everest ke sauka, kuma a yi ta soke su. Wasu sun ce a nufi yankin Mustang da ke arewacin Nepal, domin duwatsu na tare masa ruwan. A hunturu dusar ƙanƙara kan toshe mashigar Thorong La mai tsayin mita 5,416.

Shawarar da na fi ɗauka da muhimmanci ita ce ta hawa. Duk mita 1,000 zafi na raguwa da kusan digiri 6, don haka a sa tufafi kashi-kashi. Da rana gumi, da dare ruwan gora ya daskare. Bayan mita 3,000 kada tsayin wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a rana. Ciwon kai da amai in sun tsananta, a sauko nan take.