Shawarwarin malaman fiziks kan gwaji da na'urorin hoton asibiti

Ranar Asabar malaman kimiyya na wasu makarantun karkara a yankin Ringim suka zauna da wani mai ɗaukar hoto na asibiti, kan yadda ɗalibai za su koyi fiziks da kayan aikinsa ba tare da an cutar da kowa ba.

Baki ya zo ɗaya kan eksire: kada a haska shi a jikin ɗalibi don gwaji, ko da yatsa ne. Haskensa na ratsa tsoka, kuma illarsa taruwa take yi. Tsofaffin hotunan ƙashi da aka goge sunan mai su sun isa a nuna cewa ƙashi ya fi nama tare hasken, shi ya sa yake fitowa fari.

An fi daɗewa kan na'urar sikanin, wadda mata ke zuwa awon ciki da ita, domin sauti take aikawa. Mai ɗaukar hoton ya ce a cika roba da ruwa, a nutsa ƙwai, ma'aikaci ya riƙe na'urar, yara su karanta zurfin a allo su gwada da rula. Sauti na gudun kusan mita 1,480 a daƙiƙa cikin ruwa, na'urar kuwa da 1,540 take lissafi, gudunsa a tsoka. Wannan ɗan bambancin ni ya fi burge ni, domin yaro zai gan shi da idonsa: zurfin da ke allo zai ɗan fi na rula.

Wata malama ta ƙara da tocila: a ninka nisa, haske ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. In za a je gwaji da na'urar, a nemi izinin shugaban asibiti tukuna, kuma a je bayan an sallami marasa lafiya.