Allurar 'yan Sin ga ciwon ƙugu: in gwada ko in haƙura?

Telan Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, abin ya ishe ni. Ni tela ne, shekarata 47, na fi shekara 25 ina taka keke. Shekara uku ke nan ƙuguna ya hana ni sakat. In na yi awa biyu a zaune, tashi sai na dafa bango, lokacin ɗinkin Sallah kuwa ba a magana. Na sha diclofenac har ya zame mini kamar goro, ƙarshe likita ya ce na jawo wa kaina gyambon ciki, ya hana ni shi. Ga hawan jini, kullum da ƙwaya nake kwana. An yi mini ƙaho sau biyu, na ji daɗi na mako guda, ciwo ya dawo.

To wani mai kawo mini ɗinki ya kwatanta mini wani mutum da ya ce a Sin ya yi karatu, yana soka wa mutane ƙananan allurai, akufanca suke ce mata. Na je na same shi. Ya ce zama goma zan yi, kuma dole in haɗa da wani garin magani da wasu baƙaƙen ƙwayoyi a leda, rubutun jikinsu duk da Sinanci. Ya ce zai wanke mini jiki gaba ɗaya, har maganin hawan jinin ma in ajiye. Kuɗin ya kusa sayen sabon keke. Don Allah wanda ya san kan abin ya faɗa mini gaskiya.

Ɗan Gwanju: Wa alaikumus salam Yaya, Allah ya sawwaƙe. Ni an yi mini a can Gwanju, ƙasar Sin, lokacin da wuyana ya sage ina tsaka da lodin kaya. Abin da ya ba ni mamaki, a Sin wannan ba sana'ar gefen titi ba ce. Asibitoci ne manya, kuma likitan sai ya yi shekara biyar a jami'a. Wanda ya duba ni ya riƙe wuyan hannuna na dama da na hagu yana jin bugun jini, ya ce in zaro harshe, sannan ya tura ni ɗaukar hoto kafin ya taɓa ni. Allurar siririya ce kamar gashin jelar doki, ba ta da rami, ba a ɗura komai ta cikinta. Sabuwa ake farkewa a gabanka. Zafin bai kai cizon sauro ba, sai dai wurin ya yi nauyi. A bar ka kwance kamar minti 20 zuwa 30, a zare. Su a bayaninsu akwai wani ƙarfi mai suna chi da yake gudana ta hanyoyi 14 a jiki, da gurabe 361 da ake sokawa don a buɗe inda ya toshe. Ni dai chi ɗin ban gan shi ba, amma wuyana ya saki a zama na huɗu. Bayan wata shida ciwon ya dawo, gaskiya ɗaya ce.

Ma'aikaciyar jinya: Malam sannu da jiki. Kafin maganar allura, an taɓa yi maka hoton bayan? Ƙafarka tana mutuwa ko kana jin ba ta da ƙarfi? Fitsari ko bayan gida suna ƙwace maka? Kana zazzaɓin dare ko rama? In akwai ko ɗaya, gobe ka nufi asibitin ƙashi na Dala, domin tarin fuka ma yana kama ƙashin baya, kuma allura ba ta san da shi ba.

In babu, to allurar ba shirme ba ce, amma ba abin da mutuminka ya faɗa ba ce. A Jamus an gwada ta a kan mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya, aka fitar da sakamako a 2007. Bayan wata shida, kusan 48 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar gaske sun ji sauƙi. Waɗanda aka soka wa allurar sama-sama a wuraren da ba gurbi ba, 44. Waɗanda ba a yi wa allura ba, sai ƙwayoyi da gashin ƙashi irin na kullum, 27 kacal. Ka ga sokawar tana da amfani, amma wurin da aka soka bai dame ta sosai ba. Abin da masu bincike suka fi karkata a kai shi ne tana taɓa jijiyoyi, jiki ya saki sinadaransa na kashe zafi, sannan kwanciyar hankali da sa rai su ƙara nasu. Wata babbar ƙungiyar likitocin Amurka ta sa ta cikin abin da za a iya gwadawa kafin ƙwaya a 2017. Wata hukumar lafiya ta Ingila kuma a 2016 ta ce kada a riƙa bayar da ita don ciwon baya. Manyan ma ba su gama daidaitawa ba.

Ledar nan ce ta tayar mini da hankali. Akwai ganyen ma huang da yake haura jini, har Amurka ta hana sayar da shi a matsayin ƙarin lafiya a 2004. Akwai saiwar gan cao mai zaƙi, wadda ake zubawa a haɗi da yawa, ita ma in an daɗe ana sha tana ɗaga jini. A Beljiyam, farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 suka samu ciwon ƙoda daga maganin rage ƙiba, saboda an musanya wata saiwa da wata mai kusan suna ɗaya da ita. Da yawansu sai wankin ƙoda ko dashe. Kai kuma ƙodarka ta riga ta sha diclofenac na shekaru. Kuma duk wanda ya ce ka ajiye maganin hawan jini, ko ɗan uwanka ne, ka tashi daga wurinsa.

Malamin firamare: To Sista, in ta bogi ma tana aiki kusan daidai da ta gaske, ai wannan sunanta dabo. Ni ban ga dalilin ba da kuɗi ba.

Ma'aikaciyar jinya: Malam kana da hujja, kuma akwai likitoci da yawa a ra'ayinka. Sai dai mutumin nan an hana shi ƙwayar da yake sha, abin da ya rage masa a kasuwa shi ne tramol, kuma mun ga inda take kai mutane. Abin da zai rage masa zafi ko da kaɗan ne, bai huda masa ciki ba, ni ba zan raina shi ba.

Ɗan Gwanju: Kuma kada mu yi wa maganin Sin kuɗin goro. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke ba 'ya'yanmu yau, daga ganyen qinghao aka samo shi, dangin tazargade ne. Tu Youyou ta bi tsofaffin littattafansu ta gano shi, aka ba ta kyautar Nobel a 2015.

Malamin firamare: Ita ai tace shi ta yi, aka auna, aka gwada, aka rubuta adadi a kwali. Ba a leda ta ƙulla ba.

Hajiya daga Maraɗi: Ɗana, Allah shi ƙara sauƙi. Mu nan Nijar tun 1976 lokotorori Shinuwa, wato 'yan Sin, ke zuwa aiki, ayari bayan ayari. A babbar likitar Yamai aka yi mini ta gwiwa. Na samu ina sauka sujada a salla ba kuka, amma wadda ta yi mini da bakinta ta ce guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa, in rage jiki. Ba ta sayar mini da ko ƙulli guda ba.

Ɗan wanzamai: Yaya, ni a gidan aska na tashi. Su ma suna ƙaho, da kofin gilashi da wuta, galibi ba sa tsagawa. Abin da zan ja maka kunne shi ne ƙarfen da ya shiga jikin wani. Babanmu tun da ya ji yadda ciwon hanta yake yaɗuwa, reza sabuwa yake ɓare wa kowa. In ka ga mutumin yana tsamo allura daga kwalbar sifirit, ɗauki takalminka. Kuma saman baya da kafaɗa ba wurin ɗan koyo ba ne, in allura ta zarce huhu take samu.

Tsohon tela: Ƙanena, duk na karanta, ba wanda ya tambaye ka a kan me kake zama. Na rantse benci ne ko kujerar roba. Nemi kujera mai majingina, ka daidaita tsayinta yadda ba sai ka duƙa wa allurar keken ba, ka sa ɗan matashi a ƙugu. Duk rabin awa ka miƙe, ko yanka ne ka yi a tsaye. Ni sai da na sa wa kekena mota na huta. Ka je sashen gashin ƙashi na asibiti su koya maka motsa jiki, ka riƙa yi bayan Asuba.

Telan Fagge: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Babban yaya ka kama ni, benci ne, tun na maigidana. Sista, ƙafa ba ta mutuwa, fitsari lafiya, amma ban taɓa yin hoto ba. Na kira mutumin yanzu, na ce ya rubuto mini sunayen abin da ke cikin garin in nuna wa likitana, ya ce sirrin sana'a ne. Na ce to allurar kaɗai fa, ba leda? Ya ce ba ya raba su. Na ce Allah ya ba mu alheri. Litinin in sha Allah zan je Dala da katina. Sista, in na je, gwajin ƙoda ni zan nema da bakina, ko su za su rubuta?