Baje kolin zane ta intanet: ya cancanci datar da yake ci?

Malamar_Zane:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da zane a wata sakandaren 'yan mata a Funtuwa. Tun ina ɗaliba a Zariya nake da burin halartar ART X Lagos, baje kolin da Tokini Peterside ta fara a 2016, amma duk Nuwamba sai dai in ga hotuna. Kuɗin mota da na masauki a Legas sun fi ƙarfin albashina, ga shi lokacin ba a yi hutu ba. Don Allah masu bibiyar irin waɗannan taruka ta waya, ana ƙaruwa kuwa, ko ƙona data ne kawai? Ina so yarana su ga abin da masu zane ke yi a yau, ba na littafin manhaja kaɗai ba.

Baban_Ilham:
Wa alaikumus salam Malama. Ana ƙaruwa sosai, amma ni tattaunawar nake bi, ba hotunan kayan ba. A 2020 da korona ta sa aka soke baje kolin zane na Art Basel na Hong Kong, sai suka buɗe ɗakunan kallo a intanet, sauran taruka ma suka bi sahu. Tun daga nan hirarrakin da a da sai mai tikiti ke ji suka yawaita a YouTube. Ki nemi na baje kolin 1-54, wanda Touria El Glaoui ta kafa a Landan a 2013, ya kai New York a 2015, sannan Marrakesh a 2018. Masu zanen Afirka ne da 'yan asalin Afirka mazauna waje, kuma za ki ji mai aiki da bakinsa yana faɗin dalilin da ya zaɓi ƙyalle ko ƙarfe ko ƙasa. Ki sayi datar dare ki sauke, ki rage ƙarfin hoton tunda magana ce kike nema.

Dan_Zangon_Tamale:
Yaya Malama, maganar Baban Ilham gaskiya ce, sai dai waya tana cutar aikin kansa, wannan kuwa yana damuna. Mu nan Tamale muna da Ibrahim Mahama, wanda ke ɗinke tsofaffin buhunan koko da gawayi ya lulluɓe gini sukutum da su. Na sha ganinsu a waya ban ji komai ba. Ranar da na tsaya gaban aikinsa, na ga ɗinkin hannu, da sunayen 'yan kasuwa a jikin buhu, na shaƙi warinsu, sai jikina ya yi sanyi, don na san irin mutanen da suka yi dakon buhunan nan. Haka ma El Anatsui, ɗan Ghana mai haɗa aikinsa da murafun kwalabe: abin da ya rataya a Tate Modern, gidan baje kolin zane na Landan, a 2023 ya cika zaure guda, a waya kuwa bai fi tafin hannu ba.

Ga dabara. Ana rubuta tsawo da faɗin kowane aiki a ƙarƙashin hotonsa. Ki sa yara su auna da tef, su zana girman da alli a bangon aji ko a filin makaranta, sannan ki nuna musu hoton.

Hajiya_Maman_Sadiq:
'Yata, Allah ya yi miki albarka da wannan tunani. Ki fara kallon komai ke kaɗai kafin ki kai aji, domin wasu ayyukan akwai tsiraici, kin san iyaye. Kuma ki riƙa duba farashi inda aka rubuta shi. A 2018 an sayar da zanen Tutu na Ben Enwonwu, mai zane ɗan Nijeriya, fam miliyan 1.2 a Landan. Iyayen da ke cewa zane ba sana'a ba ce ya kamata su ji wannan.

Malamar_Zane:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Awon alli zan fara da shi ranar Litinin in sha Allahu. Baban Ilham, hirarrakin nan suna da rubutu a ƙasa? Turancin wasu baƙin yana yi wa yarana sauri.