Muhawara: Aya ɗaya tak a ƙarshen sakin layin COBOL, ko a bar tsohon salo?

Ƙanwarku daga Mamobi: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ra'ayina shi ne, duk wanda ke rubuta COBOL, wato tsohon harshen rubuta shirin kwamfuta, a yau bai kamata ya sa aya a ƙarshen kowane umarni ba, sai dai guda ɗaya a ƙarshen sakin layi. Tun ƙa'idar COBOL ta 1985 aka samar da END-IF da END-PERFORM da END-READ domin rufe sharaɗi da sauran umarni a fili, don haka babu dalilin ci gaba da dogaro da ɗigon da ido ke iya tsallakewa.

Alhaji daga Nima: Wa alaikumus salam, 'yata. Harshen nan tun 1959 aka tsara shi ya yi kama da jimlolin Turanci, kuma jimla da aya take ƙarewa. Mu da muka fara da ƙa'idar 1974 ba mu da END-IF, aya ce kaɗai ke rufe IF, wato umarnin sharaɗi, kuma da ita aka biya albashi shekara da shekaru ba tare da an ji kuka ba.

Ƙanwarku daga Mamobi: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma ga misali. A ce an rubuta IF ragowar asusu ta gaza sidi goma, a ƙarƙashinsa layi biyu: na farko ya aika sanarwa, na biyu ya cire tara. Idan aya ta faɗa a ƙarshen layi na farko, sharaɗin ya mutu a nan, layi na biyu kuwa zai hau kan kowane asusu, mai kuɗi da marar kuɗi, alhali a kan allo layukan biyu suna jere a ciki ɗaya kamar babu abin da ya faru. Mafassarin umarni, wato manhajar da ke mayar da rubutun zuwa harshen na'ura, ba zai ce uffan ba, domin a wurinsa rubutun daidai yake. Idan kuwa da END-IF aka rufe, wannan ayar za ta bar END-IF ba shi da abokin haɗi, nan take a ƙi fassara shirin.

Malam daga Madina: Ina goyon bayanta, kuma zan ƙara da batun gurbi, wato matsayin harafi a kan layi. A tsohon tsari da aka gada daga kati mai huji, umarni yana tsayawa ne a gurbi na 72, abin da ke 73 zuwa 80 ba a karanta shi. Layi ya yi tsawo, ayarsa ta zame zuwa 73, kana ganinta da idonka amma na'ura ba ta ganta ba, sai IF ɗin ya haɗiye umarnin da ke biye.

Alhaji daga Nima: Na yarda da ku a kan sabon rubutu. Inda ban yarda ba shi ne a shiga tsohon shiri ana share ayoyi da sunan gyara. Tsofaffin shirye-shirye cike suke da NEXT SENTENCE, wanda ke tsallakawa zuwa bayan aya ta gaba, ba bayan END-IF ba. Ka share ayoyin tsakiya ka bar shi, zai yi tsalle har ƙarshen sakin layi, ya bar lissafin da ke tsakani ba a yi ba.

Malam daga Madina: Gaskiya ne, Alhaji, shi ya sa ake fara mayar da shi CONTINUE, wanda ba ya tsallake komai, kafin a taɓa ko aya ɗaya, sannan a gwada sakamakon tsohon shiri da na sabo a kan bayanai iri ɗaya.

Alhaji daga Nima: To wane banki ne zai biya kuɗin wannan gwaji a kan shirin da ba ya ciwo? Ni dai sharaɗina, sakin layin da aiki ya kai ka gare shi kaɗai za ka sauya wa salo, kuma kada a gauraya salo biyu a cikinsa.

Ƙanwarku daga Mamobi: Wannan sharaɗi na karɓa, Baba. Sai dai har yanzu ina kan bakana cewa ayar ƙarshe ta zauna a layinta ita kaɗai, domin wanda zai ƙara umarni gobe kada ya rubuta shi a bayanta.