Yaron da ke jifan ƙwallon besbol mil 98 a awa amma an bar shi a ƙaramar gasa, me ake jira?

Mazaunin Columbus:
Salamu alaikum 'yan uwa. Nakan kai yarana kallon besbol a filin Clippers, reshen ƙungiyar Cleveland da ke matakin Triple-A, dab da babbar gasa. Akwai wani mai jifa da muke bibiya, ƙwallonsa na kai mil 98 a awa, amma har yau yana Double-A, matakin da ke ƙasa da Triple-A. Wai me masu horarwa ke dubawa ne bayan ƙarfi?

Tsohon ɗan kallo:
Wa alaikumus salam. Malam, ƙarfi yanzu ya zama ruwan dare. Masu farautar 'yan wasa suna ba kowane irin jifa maki daga 20 zuwa 80, 50 ne matsakaici. Duba sau nawa yake barin mai bugu ya wuce kyauta don ƙwallon ta kauce. A Single-A, da ke ƙasa da Double-A, yara suna kai wa komai bugu. A Double-A sai su tsaya su zuba maka ido. In ba shi da salon jifa na uku, irin mai tafiya a hankali da ke ruɗar mai bugu, ƙarshenta mai jifan da ake shigowa da shi a tsakiyar wasa zai zama.

Mai taksi a Bronx:
Amma mai jifa Paul Skenes fa? Pittsburgh ta ɗauke shi a 2023, Mayun 2024 yana babbar gasa.

Tsohon ɗan kallo:
Ai shi daga jami'a ya fito da ƙwarinsa. Ɗan sakandare kuwa ana ƙidaya masa jifa saboda gwiwar hannu. In jijiyar ta tsinke sai tiyatar Tommy John, shekara guda ko fiye a gida.